Nikolai Zhukovsky: Malamin da ya auna ƙarfin da ke fasa bututun ruwa

Sunan Nikolai Zhukovsky ba ya cikin sunayen da aka saba ji a bakin jama'a a ƙasar Hausa, amma aikinsa yana gudana kullum a ƙarƙashin ƙasar Zariya da kuma sararin samaniyarta. Bututun da ke ɗauko ruwa daga madatsar Shika zuwa unguwannin birni da Sabon Gari, da ƙananan jiragen da ɗaliban Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ke shawagi da su a kan hanyar Samaru, kowannensu yana bin wata ƙa'ida mai ɗauke da sunan wannan malami ɗan ƙasar Rasha. A littattafan injiniyoyi akan rubuta sunan nasa Joukowsky, kamar yadda ya fito a rubuce-rubucensa da aka buga a ƙetare.

Mutanen Rasha sun fi tunawa da shi a matsayin uban harkar jiragen samansu. Sai dai aikin da ya fara yaɗa sunansa a tsakanin injiniyoyin duniya a kan bututun ruwa ne. Tambayar da aka ɗora masa ita ce: me ke sa lafiyayyen bututu, wanda aka gwada aka tabbatar da ƙarfinsa, ya tashi haka kawai ya fashe? Amsar da ya bayar fiye da shekara 120 da suka wuce ta shafi duk garin da ake tura wa ruwa da inji, ta kuma fi shafar garin da ake yawan ɗauke wa wutar lantarki.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Nikolai Yegorovich Zhukovsky a ranar 17 ga Janairun 1847 a ƙauyen Orekhovo da ke lardin Vladimir, gabas da birnin Mosko. Mahaifinsa injiniyan hanyoyin sufuri ne, kuma tun yana yaro burinsa shi ne ya gaji wannan sana'a.

A 1858 aka kai shi makarantar sakandare a Mosko. Farkon shigarsa bai nuna alamar hazaƙa ba, domin ya sha wuya da harsunan ƙetare, har ma da lissafin ƙidaya. Sai da aka fara koya musu lissafin siffofi da zane ne kansa ya buɗe. Wannan ɗabi'a ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa: ya fi gane abu idan ya iya zana shi ya gan shi da ido, kuma haka ya riƙa koyar da ɗalibansa. Ya gama makarantar a 1864 da lambar yabo ta azurfa.

Ya so ya wuce Kwalejin Injiniyoyin Sufuri da ke birnin Saint Petersburg, inda mahaifinsa ya yi karatu, amma iyayensa ba su da halin ɗaukar nauyinsa a can. Dole ya shiga Jami'ar Mosko, sashen lissafi da kimiyya, ya gama a 1868. Da digirin a hannu ya tafi waccan kwaleji don cika burinsa, sai al'amarin ya ƙi. Bai iya zanen injiniyoyi da awon ƙasa yadda ake buƙata ba, bai ci jarrabawa ba, lafiyarsa kuma ta taɓu. Ya koma ƙauyensu ba tare da shaidar zama injiniya ba.

Daga nan ya rungumi koyarwa. A 1870 ya fara koyar da kimiyya a wata sakandaren 'yan mata a Mosko. A 1872 ya samu gurbin koyar da lissafi a Babbar Makarantar Fasaha ta Mosko, wadda a yau ake kira Jami'ar Bauman. Ya yi digirinsa na biyu a 1876 a kan yadda ruwa ke motsi, ya yi na uku a 1882, sannan a 1886 ya zama farfesa a Jami'ar Mosko. Ya ci gaba da koyarwa a makarantun biyu kusan har rasuwarsa. Mutumin da kwalejin injiniyoyi ta gagare shi, sai ga shi ya shafe kimanin shekara 50 yana yaye injiniyoyi.

Birnin da bututunsa ke fashewa

A ƙidayar 1897 mutanen Mosko sun haura miliyan ɗaya. Ruwan shan birnin yana fitowa ne daga maɓuɓɓugan Mytishchi da ke arewa maso gabas, ta wata hanya da aka fara ginawa tun 1779. A farkon shekarun 1890 aka sake gina tsarin baki ɗaya: aka kafa sababbin injinan turi masu tura ruwa, aka gina manyan tankuna a kan hasumiya, aka shimfiɗa bututun ƙarfen zubi a ƙarƙashin tituna.

Ba a daɗe ba bututun suka fara fashewa. Da zarar an gyara nan, sai can ya ɓalle. Hankali ya fi karkata ga zargin masu zuba ƙarfen da masu shimfiɗa bututun, domin matsin da injinan ke bayarwa bai kai wanda bututun za su iya ɗauka ba. Babban injiniyan ruwan birnin, Nikolai Zimin, wanda shi ma tsohon ɗalibin Makarantar Fasaha ne, ya ga cewa akwai abin da ba a gane ba tukuna. Sai ya nemi Zhukovsky, wanda dama ya taɓa nazarin ruwan ƙarƙashin ƙasa na Mytishchi, ya jagoranci bincike.

Masu aikin famfo sun daɗe da sanin cewa idan aka rufe bawul da sauri akan ji ƙara a cikin bututu kamar an doka guduma. Turawan Ingila sun raɗa wa abin suna mai ma'anar gudumar ruwa, Rashawa kuma suna ce masa bugun ruwa. An san ƙarar, amma ba a san nauyin gudumar ba, ballantana yadda za a lissafa shi kafin a binne bututu.

Gwajin tashar Alekseevskaya

A 1897 da 1898 aka mayar da filin tashar tura ruwa ta Alekseevskaya ɗakin gwaji. Aka shimfiɗa bututu masu faɗin inci 2 da inci 4 da inci 6, kowanne tsawonsa ɗaruruwan mitoci, aka jona su da babban bututun birnin mai faɗin inci 24. A ƙarshen kowane layi aka sa bawul da wani nauyi ke faɗowa ya rufe shi cikin ƙiftawar ido. A wurare daban-daban a jikin bututun aka kafa na'urori masu alƙalami, waɗanda ke zana hawa da saukar matsi a kan takarda mai juyawa, tare da na'urar da ke auna ɗan ƙanƙanin lokaci.

Aka riƙa sakin ruwa, a auna gudunsa, a rufe bawul, a kwashi takardu, a sake. Zanen da alƙaluman suka yi ya nuna abin da ido ba ya gani. Matsin ba ya tashi a duk tsawon bututun lokaci guda. Yana farawa ne daga bakin bawul, ya ruga baya kamar igiya, na'urar da ke kusa ta fara jin sa, sannan ta gaba da ita. Idan ya kai babban bututu sai ya juyo. Bayan hawan sai saukar matsi ta biyo, sannan wani hawan, haka dai har ƙarfin ya ƙare.

Bayanin da Zhukovsky ya yi shi ne: ruwan da ke gudu a bututu kaya ne mai nauyin gaske. Lita 1,000 nauyinta tan ɗaya ne. Bututu mai faɗin inci 24, idan tsawonsa ya kai kilomita ɗaya, yana riƙe da ruwa kusan tan 290, wato nauyin tirela goma na siminti masu buhu 600 kowace. Rufe bawul farat ɗaya tamkar a gitta bango ne a gaban waɗannan tireloli suna cikin tafiya. Ta gaba ta tsaya, ta bayanta ta dake ta, ta uku ta daki ta biyu. A cikin bututu, ruwan da ya tsaya yakan ɗan matsu, jikin ƙarfen kuma ya ɗan buɗe, kuma wannan matsuwa ita ce ke tafiya baya da gudun da ya haura mita 1,000 a sakan ɗaya, kusan ninki uku zuwa huɗu na gudun sauti a cikin iska.

Lissafin da ke ɗauke da sunansa

Daga nan ya fitar da ƙa'idar da ta zama ginshiƙin wannan fanni. Idan ana son sanin ƙarin matsin da tsayawar gaggawa za ta haifar, sai a ninka abu uku: nauyin ruwan, da gudun igiyar matsi a cikin wannan bututu, da yawan gudun da ruwan ya rasa.

Misali zai fi fito da abin fili. A ɗauka ruwa yana tafiyar mita ɗaya kacal a sakan, wato tafiyar mutumin da ba ya sauri, a cikin bututun ƙarfe da igiyar matsi ke gudun mita 1,200 a sakan. Idan aka tsayar da shi nan take, matsin zai ƙaru da kimanin 12 a ma'aunin da ake kira bar. Wannan ya kai ninki biyar na iskar da mai faci ke bai wa tayar ƙaramar mota, kuma daidai yake da a ce an ɗaga tankin ruwan zuwa saman bene mai hawa 40. Wannan ƙari ne a kan matsin da bututun ke ɗauke da shi tun farko. Idan gudun ruwan mita biyu ne a sakan, sai ƙarin ya ninka. Ashe ƙarfen Mosko ba shi da laifi, an dai riƙa ɗora masa kayan da ba a lissafa da shi ba.

Abu na biyu da ya gano ya fi wannan amfani ga ma'aikaci, domin ya fayyace abin da ake nufi da sauri. Igiyar matsi tana buƙatar lokaci ta je ƙarshen bututu ta dawo. Duk rufewar da aka gama kafin igiyar ta dawo, cikakken duka take haifarwa, ko da mai rufewar yana ganin a hankali ya yi. A bututun gida mai tsawon mita 30, tafiyar da dawowar ba ta kai kashi ɗaya bisa goma na sakan ba. A babban layi mai tsawon kilomita shida kuwa, tana cin sakan goma. Ma'aikacin da ya rufe bawul ɗin irin wannan layi cikin sakan takwas, a wurin bututun ba shi da bambanci da wanda ya rufe shi cikin ƙiftawar ido. Iya tsawon layi, iya haƙurin da yake buƙata.

Ya kuma lura cewa idan igiyar ta fita daga babban bututu ta shiga ƙaramin reshe da ƙarshensa ke toshe, matsin kan ƙaru sosai a can ƙarshen. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa wani lokaci ɓarnar ke aukuwa nesa da inda aka rufe bawul. Haka nan ya nuna cewa rami a jikin bututu yana barin alama a zanen matsi, kuma daga lokacin da alamar ta bayyana za a iya lissafa inda ramin yake kafin a ɗaga diga a fasa titi.

Maganin da ya bayar

Shawarwarinsa ba masu tsada ba ne idan aka gwada su da kuɗin sake bututu. Na farko, a riƙa amfani da bawul mai zare wanda sai an yi ta murɗawa kafin ya rufe, domin irinsa ba ya ba mai gaggawa dama. Na biyu, a kafa tankin iska a jikin layi, rabinsa ruwa rabinsa iska, domin iska tana matsuwa ta shanye dukan kamar katifa. Ya yi gargaɗi cewa iskar tana raguwa da kanta a hankali, saboda haka tankin da ba a kula da shi ba zai cika da ruwa ya zama ba shi da amfani. Na uku, a sa bawul ɗin kariya mai buɗewa da kansa ya zubar da ɗan ruwa idan matsi ya wuce ƙima.

Ya gabatar da sakamakon binciken a 1898, aka buga shi da Rashanci a 1899, da Jamusanci a 1900, sannan a 1904 aka fitar da shi da Ingilishi a mujallar ƙungiyar masu harkar ruwa ta Amurka. Daga nan ya shiga littattafan koyar da injiniyoyi a ko'ina.

Adalci ne a ambaci cewa ba shi kaɗai ya bi wannan sawu ba. Tun a 1883 wani masanin jikin ɗan Adam a Jamus, Johannes von Kries, ya fitar da irin wannan lissafi yayin da yake nazarin bugun jini a cikin jijiyoyi, amma injiniyoyi ba su lura da aikinsa ba. A Italiya kuma, Lorenzo Allievi ya faɗaɗa nazarin daga 1902, bayan wani bututu ya fashe a tashar lantarki ta Papigno. Abin da ya bambanta Zhukovsky shi ne ya haɗa lissafi da gwaji a kan bututun gaske, masu girman da ake binnewa a titi, har babu sauran abin musu.

Shekarun da suka biyo baya sun nuna cewa al'amarin ya wuce asarar ruwa. A 1950 an rufe wani bawul farat ɗaya a tashar lantarki ta Oigawa da ke Japan, babban bututun ya tsage, ma'aikata uku suka rasa rayukansu. A watan Yulin 2007 wani bututun turi ya fashe a tsakiyar birnin New York bayan ruwa ya taru a cikinsa, ya haƙa rami a titi, mutum ɗaya ya mutu, da dama suka jikkata.

Daga ruwa zuwa iska

Tun kafin aikin bututun, hankalin Zhukovsky yana kan tashi sama. A 1891 ya gabatar da nazari a kan yadda tsuntsaye ke shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba. A 1895 ya ziyarci Otto Lilienthal a Jamus, mutumin da ke tashi daga kan tudu da fukafukan da ya ƙera, daga baya kuma ya mallaki ɗaya daga cikinsu.

A wurinsa iska da ruwa 'yan gida ɗaya ne, dukansu abubuwa ne masu gudana. A 1902 ya gina bututun gwajin iska a Jami'ar Mosko, inda ake hura iska a kan ƙananan fukafukai ana auna ƙarfinta. A 1904 ya jagoranci kafa cibiyar binciken iska a Kuchino kusa da Mosko, da kuɗin wani matashi ɗan gidan attajirai, Dmitry Ryabushinsky. A 1906 ya wallafa lissafin da ke bayyana ƙarfin da ke ɗaga fiffike sama. Da yake Bajamushe Martin Kutta ma ya kai ga wani ɓangare na wannan sakamako, sai aka haɗa sunayensu biyu a kan ƙa'idar.

Cikin ɗaliban da suka taru a kusa da shi a Makarantar Fasaha akwai Andrei Tupolev, wanda daga baya jiragen Tupolev suka ɗauki sunansa. A Disambar 1918, ana tsakiyar yaƙin basasa da yunwa bayan juyin juya halin Rasha, ya kafa babbar cibiyar binciken iska da ruwa ta ƙasar, ya zama shugabanta na farko yana da shekara 71.

Ƙarshen rayuwarsa

Shekarar 1920 ta zo masa da nauyi. Ciwon huhu ya kwantar da shi, sannan 'yarsa Elena, wadda ke taimaka masa a aikinsa, ta rasu tana da ƙuruciya. Bayan rasuwarta ya samu shanyewar ɓarin jiki. A Disambar wannan shekara gwamnatin Lenin ta fitar da wata doka don cikarsa shekara 50 yana aikin ilimi, inda ta ambace shi a matsayin uban harkar jiragen saman Rasha, ta sauke masa nauyin shiga aji, ta kafa kyauta da sunansa, ta kuma ba da umarnin a buga ayyukansa.

Bai daɗe bayan wannan karramawa ba. Ya rasu a ranar 17 ga Maris ɗin 1921 yana da shekara 74, aka binne shi a maƙabartar Donskoy da ke Mosko. Makarantar horar da injiniyoyin sojan sama da ya taimaka aka kafa ta ɗauki sunansa, kuma a nan ne Yuri Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya, ya yi karatu daga baya. A 1947, shekara 100 da haihuwarsa, aka sa wa wani gari kusa da Mosko suna Zhukovsky.

Inda lissafinsa ya shafi Zariya

Matatar ruwan da aka ƙaddamar a Zariya a 2017 an gina ta ne don tace lita miliyan 150 a rana. Duk wannan ruwa sai ya bi ta bututu masu tsawon kilomitoci kafin ya kai ga kan famfon kowa, kuma injina masu aiki da lantarki ne ke tura shi. A nan ne binciken Mosko ya zo daidai da halin da muke ciki.

A zamanin Zhukovsky hannun ma'aikaci ne ya fi tsayar da ruwa da gaggawa. A yau ɗaukewar wuta ce ta fi yin wannan aiki. Idan wuta ta tafi, inji ya tsaya nan take, amma ruwan da ya riga ya tura yana ci gaba da tafiya. Matsi ya faɗi a bakin injin, wani lokaci har ruwan ya rabu gida biyu ya bar sarari a tsakiya. Can sai ruwan ya juyo ya daki bawul ɗin da ke hana shi komawa. Layin da ake ɗauke wa wuta sau da yawa a rana yana shan wannan duka sau da yawa a rana. Ba lallai ne ya fashe a karon farko ba. Gaɓoɓinsa ne ke saki sannu a hankali, har ranar da za a ga ruwa yana ɓulɓulowa a gefen titi.

Ruwan da ke zuwa yau ya ɗauke gobe yana da tasa matsalar. Bututun da ya bushe cike yake da iska. Idan aka sako ruwa da ƙarfi, yana tura iskar gaba yana matse ta, kuma da zarar ta samu mafita ta fice, ruwan da ke bayanta ya faɗa wa bawul ko kan famfo da dukkan gudunsa. Tarin da famfo ke yi da jijjigar bututu a bango lokacin da ruwa ya dawo alamar hakan ce.

Saukar matsi kuwa ta fi hawansa haɗari ga lafiya. Bututun da ke yoyo idan matsi ya hau, yana iya zuƙo abin da ke kewaye da shi idan matsi ya faɗi. A unguwannin da layin ruwa ya ratsa ta cikin kwata, kamar yadda ake gani a tsofaffin unguwanni masu cunkoso, wannan ƙofa ce ga kwalara da taifod. Ruwa na iya fita daga matata tsaf, ya isa gida da cuta.

Ba ruwan sha kaɗai abin ya shafa ba. Bututun man da ya taso daga matatar Kaduna ya bi ta Zariya zuwa Kano, da reshensa da ya nufi Gusau, wannan ƙa'ida ce ke kansu, domin fetur da gas na mota ma ba sa matsuwa sosai. Iskar gas irin wadda aka shimfiɗa wa bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614 ta fi sauƙi ta wannan fuska, saboda ba ta da nauyi kuma tana matsuwa. Haɗarinta yana zuwa ne idan ruwa ya taru a kwarin layi, iskar ta kwashe shi da gudu ta maka shi a kwana.

Maigida da ɗan kasuwa suna da nasu rabon a wannan ilimi. Kan famfo mai hannu wanda ake rufewa da juyi ɗaya ya fi mai zare dukan bututu, don haka a riƙa rufe shi a hankali. Mai rijiyar burtsatse ya tabbata an ɗaure bututunsa da kyau, musamman a kwana. Wanda ya je Kasuwar Sabon Gari sayen bututun roba ya duba lambar matsin da aka buga a jikinsa, ko 6 ne ko 10 ko 16, ya kuma tuna cewa lambar ya kamata ta ɗauki matsin yau da kullum tare da dukan da zai zo. Roba tana rage ƙarfin dukan saboda tana ɗan buɗewa, amma mai sirara ba ta jure maimaici.

Babban nauyin yana kan waɗanda ke zaune a ofis. Tankin iska da bawul ɗin kariya da bawul mai fitar da iska ba kayan da ake yanke ƙyalle a kansu ba ne, kuma amfaninsu ba ya bayyana sai ranar da babu su. Shi ya sa a ko'ina cikin duniya sukan zama abin da ake fara sokewa idan ana rage kuɗin kwangila, da abin da ake mantawa idan ana tsara kasafin gyara. Jami'in da ke duba takardun aikin ruwa yana da haƙƙin ya tambaya ko an yi lissafin bugun ruwa, me aka tanada don lokacin da wuta za ta ɗauke, kuma wa zai riƙa duba iskar da ke cikin tankin. Masu amsa waɗannan tambayoyi ba su da nisa, domin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru tana da sashe guda na injiniyancin ruwa da muhalli, ga kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna.

Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa. Zhukovsky ya auna wannan magana a jikin ƙarfe, ya fitar da adadinta: mita ɗaya a sakan da aka tsayar da gaggawa, bar 12 ne a jikin bututu. Mosko ta ɗauki wannan adadi ta sauya bawul ɗinta. Duk garin da ya binne biliyoyin naira a ƙarƙashin titunansa, adadin nan yana jiran sa a duk lokacin da aka ɗauke wuta.